Murfin Kabarin Da Ya Hau Ruwa

Ranar da aka wayi gari murfin kabarin mahaifiyata yana ƙofar Gwaggo Sieni, ranar maganar aurena ta fara tangal-tangal.

Ni na fara ganinsa. Na fito da tsintsiya zan share tsakar gida, na tarar teku ya riga ni. Ya hau da asuba kamar yadda ya tsiro yi mana 'yan shekarun nan duk tsayuwar wata, ya zagaya gidajen bakin gaɓa ya koma, ya bar mana yashi da 'yan ƙaguwa. Na dubi gaban gidanmu inda kabarin yake, ban ga komai ba sai ɗan gajeren ginin da ya kewaye shi. Murfin yana can taku ashirin, fari fat, ya jingina kai da matakalar Gwaggo kamar baƙon da ke jiran a amsa masa sallama. Furannin robar da muka ɗora masa ko ɗaya bai faɗi ba.

Gwaggo ta buɗe ƙofa. Yayar Babana ce, mace ce da ko fasto sai ya gyara murya kafin ya yi mata magana, ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba. Ranar na gani. Ta dafa ƙyaure.

"Lusia," ta kira sunan Innata can ƙasan maƙoshi, "me kuma kike so?"

Sai ta ɗago ta gan ni, nan take ta haɗe rai.

"Malaea, je ki taso ubanki. A kira mini wannan mai burodin naki."

Babu kowa a cikin kabarin nan, duk ƙauye an sani. Shekara goma sha biyar ke nan, ranar da teku ya taso ya share rabin ƙauyenmu, ya tafi da Innata, ba a ga ko zanenta ba. Farar rigarta ta coci da hularta aka sa a akwati aka binne. Tun daga lokacin mutane suke ta komawa kan tudu, Babana Faleniko kuwa ya ce shi ba inda za shi, matarsa tana cikin ruwan nan.

Mai burodin da Gwaggo take nufi shi ne Penaia, wanda aka sa mana rana saura wata biyu. Ya yi shekara shida yana aikin gini a Birisben, can ƙasar waje, ya dawo da wani inji mai kaɗa kumfa cikin siminti kamar ana kaɗa sabulu. Bulon da yake bugawa in ka yanka shi da zarto, cikinsa huda-huda ne kamar burodi, mace ma tana ɗaukar biyu ta hau tudu da su. Siminti kaɗan yake ci, ɗakin da aka gina da shi ba ya neman fanka. Mutanenmu kuwa ba su yarda da abin da bai karya musu baya ba, don haka suka laƙaba masa suna suka huta.

Kafin hantsi an hallara a babbar rumfar gidanmu. Baba ya zauna jikin ginshiƙinsa, Gwaggo a nata. Har da Reupena, ɗan aminiyar Gwaggo, wanda shi ma ya dawo daga ƙetare, daga birnin Aukilani, da mota da tumbi da masana'antar bulo mai nauyi. Sau biyu yana turowa neman aurena, sau biyu ina cewa a gaishe shi. Ban san wanda ya gayyato shi ba, amma na ga an ba shi koko a kofin baƙi.

Penaia ya shigo a sunkuye, ya zauna ya lanƙwashe ƙafa.

"Yaro," in ji Baba, muryarsa a dashe, "da me ka yi wa matata murfi?"

"Da abin da ka ce, Baba." Ya ciro wayarsa ya miƙa da hannu biyu. "Ga saƙon da aka turo mini. An ce in yi wa Inna sabon murfi kafin ranar tunawa da ita, ya zama mama."

"Mamaa na ce. Mai tsabta, fari sol."

"Ni kuma maamaa na karanta, Baba. Marar nauyi."

A harshenmu kalmar nan in an rubuta ta a waya harafi huɗu ce kawai, baki ne yake rarrabe ta. In ka ja farko da ƙarshe, marar nauyi ke nan, kuma haka muke kiran huhu. In ka ja ƙarshe kaɗai, tsabta ce. In ka faɗe ta a gajarce, zobe kake nufi. Ɗalibaina 'yan aji uku sun san wannan. Baba ba ya iya rubutu a waya, shi ya faɗa, Gwaggo ta rubuta, shi kuma Penaia da ba ya tunanin komai sai sana'arsa ya karanta abin da ke ransa.

Reupena ya yi wata 'yar dariya.

"Ashe huhu ka yi wa mamaciya. To ai ga shi nan ta fara numfashi."

"Kuskure ne," na ce. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. "Abin da bai kai ruwa nauyi ba dole ya taso, ko kwakwa ce. Ruwa ne ya ɗauke shi."

"Wa ya sa bakinki?" Gwaggo ta juyo. "Ruwa ne ya ɗauke shi, ruwa ne kuma ya san ƙofata? Ya wuce ɗakin girki, ya wuce kwale-kwalen ubanki, ya zo ya tsaya inda mai iko da gidan nan take? Ƙara ta kawo mini."

Ta nuna Penaia da haɓa.

"Shi da bakinsa yake yawo yana cewa bulonsa fiye da rabinsa iska ce. Iskar wa? Yashin da yake kwaɓawa daga bakin ruwan nan yake, inda mutum talatin suka ja numfashinsu na ƙarshe. Numfashin wa yake kullewa a ciki?"

Tsigar jikina ta tashi, duk da na san yashinsa daga kogi ake kawo masa.

"Faleniko, ka ji ni da kyau," ta ce wa Baba. "Lusia ba ta son yaron nan. In 'yarka ta shiga ɗakinsa, zan yi mata baki, kuma ka san bakina."

Baba ya sunkuyar da kai. A wurinmu namiji yana iya ja da kowa, ban da 'yar'uwarsa mace, bakinta kuwa in ya fita ba ya dawowa.

"Baba, ka ce wani abu mana," na ce, hawaye ya riga ya wanke mini fuska.

Bai ce ba. Reupena ne ya ce zai yi odar marmara daga waje, wadda mutum takwas ba za su iya motsawa ba. Kafin nan ya sa aka mayar da murfin, aka ɗaure shi da igiya a jikin ulu, wata ƙatuwar bishiya da ke gefen kabarin, ya ɗora masa bulonsa guda huɗu, yana yi yana duban inda nake.

Da la'asar na ce zan je ɗebo gwaza, na haura tudu.

Gidan da Penaia yake gina mana saura fenti da tagogi biyu. A waje rana tana dukan ƙeya, ina sa ƙafa ciki sanyi ya rufe ni kamar na shiga randa. Da can sanyin nan shi nake yi wa ƙawayena fankama da shi. Ranar kuwa tsoro ya ba ni. Ni da na tashi a rumfa marar bango, ban taɓa yini ban ji ƙarar teku ba, amma a ɗakin nan ko ita ba ta shigowa. Ba abin da nake ji sai bugun zuciyata.

Yana zaune a ƙasa, ya tasa wani gutsuren bulo a gaba.

"Ka ga abin da ka ja mana?" na ce. "Mutum ya tura maka saƙo kan kabari, ba za ka kira ka tambaya ba?"

"Murna ce ta hana ni."

"Murnar me?"

"Na ɗauka Baba ya yarda da aikina, Malaea. Shekara uku ana ce mini mai burodi. Sai ga surukina ya ce in yi wa matarsa, wadda ya fi so a duniya, da irin nawa. Kwana biyu na yi ina gogar murfin nan da hannuna."

Na zauna kusa da shi, faɗan da na zo da shi ya narke.

"Gwaggo ba wasa take yi ba. In ta yi mini baki, ko mun haihu kullum ido zan zuba wa yaran ina jiran abin da zai same su. Ba zan iya ba, Penaia. Kuma ba zan iya zama da Reupena ba, ko shi kaɗai ya rage a tsibirin nan."

"To ki bar kuka."

"Ba zan bari ba. Da me zan yi in ba kuka ba?"

Ya ɗauki gutsuren ya ɗora mini a tafin hannu. Kamar ban riƙe komai ba.

"Ki duba. Kowane ɗan rami a rufe yake, shi ya sa zafi ba ya ratsawa, ruwa ma ba ya saurin shiga. Iskar Allah ce, wadda ni da ke muke shaƙa. Babu kowa a ciki."

"Na sani." Na ajiye gutsuren. "Amma me ya kai shi ƙofarta? Gangaren gidanmu teku yake kallo. Da ruwa ne kawai, waje zai ja shi."

Ya ɗauki gutsuren yana jujjuya shi.

"Wannan ni ma tun safe nake tambayar kaina."

Na kara kunnena a bango, ban san dalili ba. Wani siririn sauti na ji, irin wanda ake ji a cikin ƙwanson dodon koɗi. Na janye da sauri.

"Jibi zan zo ifoga," ya ce.

Wannan zaman neman gafara ne da ake yi in laifi ya kai laifi. Mutum ya zo tun kafin gari ya waye, ya zauna a ƙofar waɗanda ya ɓata wa, a lulluɓe shi da lallausar tabarmar da aka gada kaka da kakanni, ba zai motsa ba, ba zai yi magana ba, sai sun ga dama sun yaye masa. In ba su yaye ba, ya tashi da kunyar da za ta bi jikokinsa.

"Jibi ruwa zai fi na yau hawa," na ce. "Ka bari ya wuce."

"In na bari, marmarar Reupena za ta riga ni isowa."

Da ranar ta zo, gari yana fara haske na leƙa, na gan shi. Ba shi na gani ba, wani tudu na gani na farar tabarma mai jan gashin tsuntsu a gefe, tsakanin rumfarmu da kabarin. Tabarmar kakarsa ce, ta girmi Babana. Danginsa suna can bakin titi a zazzaune, kawunansu a ƙasa.

Baba ya fito ya zauna jikin ginshiƙinsa, yana kallon teku.

"Baba, don Allah."

"Ba ni zan yaye ba. Gwaggonki ce."

Gwaggo tana tsaye a kan matakalarta da rigar coci, ta harɗe hannu. Reupena ya faka motarsa a kan titi, nesa da gishiri, ya zauna a kan bonet.

Rana ta ɗaga. Babu iska ko kaɗan, ganyen kwakwa ma ya tsaya cak. Karnuka suka bar haushi, suka haura tudu ɗaya bayan ɗaya. Sai ruwan ya fara shigowa, ba da igiya ba, ba da ƙara ba, a hankali yake tafe ta cikin ciyawa kamar wanda ya san gidan.

Ya taɓa gefen tabarmar. Penaia bai motsa ba.

Ya rufe masa gwiwa. Tabarmar ta jiƙe ta manne masa a baya, har ina iya ƙirga ƙasusuwansa. Na ji mahaifiyarsa ta fara kuka a can bakin titi, a hankali, don ba a yarda ta ɗaga murya ba.

"Gwaggo," na ce, na sauka cikin ruwan da zanena, "ki dubi Allah. Harafi huɗu ne fa. Ke kika rubuta su."

"Koma ciki."

"Ba zan koma ba. In baki za ki yi mini, ki yi yanzu ina tsaye."

Ba ta ma dube ni ba. Idonta yana bayana.

Na waiwaya. Murfin ya taso. Ya karkata gefe guda, bulon Reupena suka silale ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya nutse da ɗan ƙaramin sauti. Igiyar ta miƙe ta yi tauri, sai kullin ya warware. Ni dai ban ga hannun kowa ba.

Murfin ya juya kansa a hankali. Ya bi ta gefen Penaia har ya gogi tabarmar, bai tsaya ba. Ya wuce ni, na ji sanyinsa a cinyata. Ya wuce ɗakin girki, ya wuce kwale-kwalen Baba. Ya je ya ɗora kai a matakalar Gwaggo, daidai kan yatsun ƙafarta.

Na ji an kunna mota a kan titi. Ban ma juya ba.

Gwaggo ta ja da baya, ƙofa ta tokare ta.

"Na ce miki ban iya ba," ta ce, da wata murya da ba tata ba. "Kin gani da idonki, Lusia. Na gwada."

Baba ya miƙe tsaye.

"Sieni, me kika gwada?"

Ta sa ƙafa za ta ture murfin, ya tafi kamar faranti, ya dawo. Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta sauko cikin ruwan, ta durƙusa, ta zura hannu ɗaya ƙarƙashinsa ta ɗaga. Gefen ya taso sama, ruwa yana zuba daga jikinsa. Tsohuwa mai shekara sittin da takwas, da hannu ɗaya.

Nan ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa jin babba ya yi ba.

"Tare muke da Lusia ranar. Na ce muku ban gan ta ba, ƙarya na yi. Girgizar ƙasar da ta riga ruwan zuwa ta kayar da katangar ɗakin ajiya a kan ƙafafunta. Na ja, na ɗaga, farcena duk suka fita, ko motsi ba ta yi ba. Tana ce mini, Sieni, ya yi nauyi, ya yi nauyi. Sai na ji ruwa yana tahowa. Ta ce in gudu in nemo Malaea. Na gudu, Faleniko. Na bar ta a ƙarƙashin bulo."

Na tuna ranar, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Gwaggo ta fizge ni daga hanyar makaranta ta ruga da ni tudu, hannuwanta duk jini, ta ce dutsen murjani na bakin teku ne ya yanke ta.

Baba ya shigo ruwan, ya zo ya tsaya a kanta. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya dafa kafaɗarta.

"Shekara goma sha biyar kina ɗauke da wannan ke kaɗai?"

"Da irin wannan ne ya faɗo mata," ta ce, tana shafa murfin, "da na ɗaga. Da hannu ɗaya ma da na ɗaga."

Ta miƙe da ƙyar. Ta ratsa ruwan, rigar cocinta tana jan ƙasa, har ta kai gaban Penaia. Ruwa ya kai masa ƙirji, kansa yana sunkuye yadda ya ajiye shi tun asuba. Ta kama bakin tabarmar da hannu biyu ta yaye.

Ya ɗago, idanunsa jajir.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Ni na rubuta, kai ka karanta, amma ba ni ba ce na faɗa, ba kuma uban Malaea ba ne. Lusia ce mai maganar, ta kuma san abin da ta ce."

Ya kasa tashi, ƙafafunsa sun sage. Ni da Baba muka kama shi. Baba ya dube shi, ya dube ni, sai ya faɗi kalmar nan sau ɗaya, a gajarce, bai ja farko ba bai ja ƙarshe ba.

"Zoben yana aljihuna, Baba," in ji Penaia. "Ya ɗan jiƙe."

Na yi dariya ina kuka, duk na rasa wanda zan bari.

Ruwan ya fara komawa. Murfin ya saki matakalar, ya juya, ya nufi gaɓa. Penaia ya yunƙura zai bi shi ya kamo igiyar, Baba ya riƙe masa hannu.

"Bar ta."

Muka tsaya mu huɗu cikin ruwa muna kallo. Ya ratsa tsakanin kwakwa biyu, ya fita fili, ya miƙe sosai zuwa ƙofar da ke tsakanin duwatsun murjani inda kwale-kwale suke fita, furannin robar suna tsaye a kansa. Ya ƙanƙance ya zama ɗigon fari, har muka daina ganinsa.

Baba ya goge fuskarsa da gefen zanensa.

"Gidan nan naka na kan tudu," ya ce wa Penaia, bai juyo ba, "ɗaki nawa ne?"

"Uku, Baba."

"Ka ƙara ɗaya. Gwaggonku ba ta son kwana kusa da hayaniya."